Kasa, Kububuwa da Macizan Kurmi: Yadda Wuri Ke Zaɓen Macijinsa

Duk wanda ya taso a Arewa ya san sunan kasa ko da bai taɓa ganinta ba. Ya san da ita ake kwatanta mai nauyin barci, ya kuma san manoma na shakkarta lokacin kaka. Amma a tambayi Bahaushen da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ko akwai kasa a Legas, sai a ji amsa iri-iri. Wani zai ce babu, ai kasa ta dajin Arewa ce. Wani zai ce akwai, ta Kurmi ma ta fi girma da kauri. Wani kuma zai ce motocin kaya ne ke sauko da ita. Kowace amsa a cikin ukun nan tana da ƙamshin gaskiya. Kafin a ga inda suka haɗu, sai an fahimci abin da ke sa maciji ya zauna a wani wuri ya ƙaurace wa wani.

Tambayar ta fi shafar Hausawan Legas a kan sauran mazauna birnin. Da yawansu 'yan ci-rani ne, rani a Ikko, damina a gona. Wasu fatake ne da ke bin shanu da doya da albasa tsakanin Arewa da Kudu. Wasu masu lambu ne a bakin fadamu, wasu masu gadi ne a filayen da ciyawa ta rufe. Mutum guda yana iya kwana a cikin yankin macizai iri biyu a wata ɗaya, kuma abin da ya sani game da na gida ba lallai ya yi masa amfani a kan na Kurmi ba.

Mazauni da iyakar yaɗuwa

Masana halittu suna rarrabe abu biyu. Na farko shi ne mazauni, wato irin wurin da dabba ke iya rayuwa a cikinsa: ciyayi ne ko duwatsu, fadama ce ko rairayi, inuwa ce ko sarari. Na biyu shi ne iyakar yaɗuwa, wato faɗin yankin da ake samun dabbar idan an zana shi a taswira. Iyakar tana iya haɗa ƙasashe masu yawa, amma ba ko'ina a cikinta ake samun dabbar ba, sai inda mazauninta ya samu. Shi ya sa ƙauyuka biyu a ƙaramar hukuma ɗaya za su iya bambanta: ɗaya kullum ana kai sararre asibiti, ɗayan sai a shekara ba a ji labari ba.

Abubuwa huɗu ne ke tsara mazaunin maciji. Na farko zafi. Jikin maciji ba ya samar da ɗumin kansa yadda na mutum ko akuya ke yi. Daga rana da ƙasa yake ara. Idan ya yi sanyi, motsinsa da narkar da abincinsa sukan yi nauyi, idan kuma zafi ya yi yawa, yana iya halaka. Don haka yana buƙatar wurin shan hantsi da wurin fakewa kusa da juna. Na biyu danshi, domin wasu macizan ba sa jure bushewa, wasu kuma ba sa jure laima. Na uku abinci: ɓeraye, kwaɗi, ƙadangaru, tsuntsaye. Na huɗu maɓoya: rami, suri, tarin duwatsu, busassun ganye, ƙarƙashin dami.

Ruwan sama ne ke juya dukkan huɗun nan. Sakkwato ba ta cika samun fiye da milimita 700 a shekara ba. Kano takan samu ƙasa da 1,000, duk a cikin 'yan watanni. Legas kuwa tana samun sama da 1,500, a damina mai zango biyu, kuma ko da rani iskarta ba ta rasa laima. Direban da ya taso daga Kano ya bi ta Zariya da Kaduna da Mokwa, ya haye Kwara a Jebba, ya wuce Ilori da Ogbomosho da Badun, yana ganin canjin da idonsa: ƙaya da gajeren ciyayi, sai dogon ciyayi da kaɗanya da ɗorawa, sai kwakwar manja da duhuwar Kurmi. Yadda itatuwa ke sauyawa a wannan hanya, haka macizai ke sauyawa.

Kasa da sana'ar jira

Kasa, wadda masana ke kira Bitis arietans, macijiya ce gajera mai kauri. Tsawonta yakan kai kimanin mita ɗaya, kanta faffaɗa ne, bayanta kuma na da zane mai kusurwa cikin ruwan ƙasa da rawaya da baƙi. Abin da ake ɗauka barci ne a wurinta, farauta ce. Ba ta bin abinci. Kwanton ɓauna take yi masa. Takan zaɓi hanyar da ɓeraye ke bi, ta lafe, ta yi kwanaki a wuri guda ba ta motsa ba. Idan ɓera ya zo daidai, sara ɗaya ya isa. Fiƙoƙinta dogaye ne, a naɗe suke a saman baki, sai za ta kai sara suke miƙewa. Babban ɓera takan sake shi bayan sara, ya yi 'yar tafiya ya faɗi, sannan ta bi sawunsa da harshe.

Mai irin wannan sana'a dole ya iya ɓuya, domin duk wanda ya daɗe a wuri ɗaya abokan gaba za su iya samunsa. Launinta yana sajewa da busasshiyar ciyawa da ƙasa. Akwai kuma wata ɓuyar da ido ba ya gani. A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu sun wallafa sakamakon wani gwaji: sun horar da karnuka da wasu ƙananan dabbobi dangin tunku su gane warin macizai. Dabbobin sun gane warin macizai masu yawo, amma suka kasa gane na kasa. Ke nan ko a hanci ma a ɓoye take.

Wannan ne ke bayyana haɗarinta ga mutane. Yawancin macizai idan suka ji girgizar takun mutum sukan sulale. Ita kuwa dabararta ita ce ta ƙara lafewa, ta dogara da cewa ba za a gan ta ba. Wani lokaci takan kumbura ta yi huci mai ƙarfi don gargaɗi, wani lokaci kuma sai an taka ta ko an ɗora mata hannu wajen ɗaukar dami. Dafinta yana cin nama: kumburi mai tsanani, ƙuraje masu ruwa, ruɓewar tsoka, har yakan kai ga yanke gaɓa idan aka yi jinkiri.

Iyakar yaɗuwarta tana cikin mafi faɗi a macizan Afirka. Ana samunta daga Senegal zuwa Somaliya, daga kudancin Nijar har ƙarshen Afirka ta Kudu, da wani yanki na kudancin Maroko, har ta tsallaka Bahar Maliya zuwa kudu maso yammacin Saudiyya da Yaman da Oman. Wurare biyu ne take ƙaurace wa: tsakiyar hamada, inda babu isasshen abinci da mafaka, da ƙurmin daji mai duhuwa, inda rana ba ta sauka ƙasa. Wurinta shi ne sarari mai ciyayi da gonaki. Ba ƙwai take yi ba, haihuwa take yi, kuma ciki ɗaya yakan ba da 'ya'ya 20 zuwa 40, wani lokaci fiye da haka. Gona mai hatsi tana tara ɓeraye, ɓeraye kuma suna jawo kasa, don haka noma bai kore ta ba.

Mai irin sana'arta a Ostareliya

Akwai wani maciji a ɗaya ɓangaren duniya da ke taimakawa wajen fahimtar yadda wuri da sana'a ke ƙera jiki. Masana suna kiran danginsa Acanthophis; a nan za mu kira shi macijin ajali. Ana samunsa a Ostareliya da tsibirin Niyu Gini da wasu tsibiran gabashin Indunusiya. Wanda ya san kasa, idan ya gan shi zai rantse ƙaninta ne: gajere, mai kauri, mai faffaɗan kai, da wuya ya wuce mita ɗaya. Shi ma lafewa yake yi a cikin busassun ganye ko rairayi, shi ma ba ya gudu idan mutum ya matso, shi ma haihuwa yake yi. Yana da ƙarin dabara guda: ƙarshen wutsiyarsa siriri ne, yakan ajiye shi kusa da kansa yana kaɗawa, ƙadangare ko tsuntsu ya ɗauka tsutsa ce ya matso.

Sai dai ba dangin kasa ba ne. Asalinsa ɗaya ne da kumurci da gamsheƙa, masu gajerun fiƙoƙi a gaban baki. Dangin kasa da kububuwa ba su taɓa isa Ostareliya ba, teku ta raba. Amma sana'ar kwanton ɓauna tana nan babu mai yinta, ga abinci ga maɓoya, sai wani reshe na dangin kumurci ya shiga cikinta, kuma a tsawon zamani jikinsa ya ɗauki siffar da sana'ar ke buƙata. Masana na kiran wannan haɗuwar siffa, wato dabbobin da asalinsu ya bambanta su yi kama saboda rayuwarsu iri ɗaya ce.

A cikin dangin ma kowane nau'i da mazauninsa. Wanda aka fi sani, Acanthophis antarcticus, yana bin dazuzzuka da ciyayin gabashi da kudancin gaɓar Ostareliya. Wani mai jan launi, Acanthophis pyrrhus, yana cikin jan rairayin tsakiya da yammacin ƙasar. Wasu suna arewa mai zafi da fadamu, wasu a Niyu Gini. Babu ko ɗaya a tsibirin Tasmaniya. Iyakarsu kuma ba a kafe take ba. Share daji da gobara suna cinye ganyen da suke ɓuya a ciki. A 1935 aka shigo da wani babban kwaɗo mai guba jihar Kwinsland don ya cinye ƙwarin rake. Kwaɗon ya bazu a arewacin ƙasar, dabarar wutsiya kuma ta zame wa macijin tarko: yana jawo kwaɗon da kansa, ya ci, gubar ta kashe shi. An ga raguwarsu sosai a fadamun da kwaɗon ya isa.

Kamannin macijin ajali da kasa a waje ya tsaya. Dafinsu ya bambanta ƙwarai. Na macijin ajali ba ya cin nama sosai. Jijiyoyi yake kamawa, ya hana saƙo isa ga tsoka, fatar ido ta faɗi, magana ta sarƙe, numfashi ya tsaya. Kafin a samar da makarinsa a 1958, kusan rabin waɗanda ya sara mutuwa suke yi. Za mu ga amfanin wannan bambanci a gaba.

Kububuwa da kwarin Binuwai

A Najeriya ba kasa ce ta fi kisa ba. Kububuwa ce, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa. Ƙarama ce, tsawonta bai cika wuce santimita 60 ba, ruwan ƙasa da ɗige-ɗige masu haske. Idan ta ji barazana takan naɗe jikinta ta riƙa goga ɓawonta da juna, ya ba da sauti kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Tana cin ƙananan ɓeraye da kwaɗi da kunamu da shanshani, kuma ita ƙwai take yi. An daɗe ana kiranta Echis ocellatus a littattafan likitanci, kafin a 2018 wani masani Bafaranshe, Jean-François Trape, ya ware na gabashin yankin da sunan Echis romani. A busasshen Sahel kuma akwai wata 'yar'uwarta, Echis leucogaster, wadda cikinta fari ne babu ɗigo.

Mazauninta shi ne dajin ciyayi mai duwatsu da tsakuwa, inda damina ke da ƙarfi amma rani ke da tsawo. Wannan ya yi daidai da kwarin Binuwai da ƙasashen da ke kewaye da shi: kudancin Gombe, Taraba, Adamawa, kudancin Filato da Bauchi. Shi ya sa sunayen Kaltungo da Zamko da Bambur suka zama sanannu a fagen jinyar saran maciji. Asibitin Kaltungo kaɗai yana karɓar sama da mutum 2,000 a shekara. Tun shekarun 1970 likita David Warrell, yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya rubuta yadda dafinta ke aiki, kuma Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin waɗanda suka ci gaba da wannan bincike har ya kai ga idon duniya.

Dafin kububuwa yana tilasta wa jini ya ƙarar da sinadaran da yake daskarewa da su. Idan suka ƙare, jini ba ya tsayawa. Sararre yana iya jin sauƙi a ranar farko, sannan dasashi ya fara zubar da jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya yi ja, bayan kwanaki jini ya zuba a ƙwaƙwalwa ko a ciki. Likitoci suna da gwaji mai sauƙi: a ɗebi jini kaɗan a sa a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a bar shi minti 20. Idan bai daskare ba, dafin ya shiga jiki. Ba tare da makari ba, mutum 10 zuwa 20 cikin 100 sukan mutu. Da makari mai kyau a kan lokaci, adadin yakan sauko ƙasa da 2.

Lokutan sara ma mazauni ne ke tsara su. Farkon damina, lokacin sharar gona da huɗa, da kuma kaka, lokacin da ake ɗaga dami da karan dawa da tonon gyaɗa da doya, su ne suka fi yawa. Akasarin saran a ƙafa yake, sai hannu. Waɗannan kuwa su ne daidai watannin da ɗan ci-rani ke barin Legas ya koma gona.

Legas: Kurmin da ya zama birni

Agege ta farkon ƙarni na ashirin gonaki ce a cikin Kurmi. Manoma irin su J. K. Coker sun kafa gonakin koko a Ifako, har aka kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907. Goro ya bunƙasa a yankin, jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Badun a 1901, zuwa 1912 ana zirga-zirga har Kano. Goro da jirgi ne suka zaunar da fataken Hausawa a Zangon Agege. Macizan da suka tarar a can na Kurmi ne.

Babbar cikinsu ita ce 'yar'uwar kasa ta duhuwa, Bitis gabonica, wadda Yarbawa ke kira oka. Ita ce ake nufi idan aka ce kasar Kurmi ta fi girma. Tana iya wuce mita ɗaya da rabi, fiƙoƙinta kan kai santimita 5, babu macijin da ya kai ta a wannan. Zanen bayanta na ganyen da suka zube ne a ƙasan daji, kuma sana'arta ɗaya da ta kasa. Kowace ta riƙe ɓangarenta: kasa sarari, ita kuma inuwa. Akwai baƙin kumurcin Kurmi mai son bakin ruwa, da koren maciji mai dafi na kan bishiya da ake kira mamba, waɗanda dafinsu jijiyoyi yake kamawa.

Yau siminti da kwalta sun rufe mafi yawan wannan Kurmi. Oka ba ta rayuwa sai da inuwa da tarin ganye, don haka ta ja baya zuwa ragowar dazuzzuka da gonakin gefen jihar da na Ogun, irin su gandun dajin Omo. A tsakiyar Agege ko Mushin babu mazauninta. Macizan da suka iya zaman birni su ne waɗanda abincinsu ya ƙaru da zuwan mutane. Akwai wani ɗan gajeren maciji mai cin kwaɗi, Causus maculatus, wanda Yarbawa ke kira paramole; yana son lambuna da bakin kwatoci, saransa na kumburi da zafi amma da wuya ya yi kisa. Akwai gamsheƙa mai feshin dafi, wadda ta saba da gidaje a Arewa da Kudu, tana bin ɓeraye da ƙwan kaji har cikin ɗaki da dare. Bola da ba a kwashewa, kangon gini, tarin katako, rumbun ajiyar hatsi a kasuwa, duk suna tara ɓeraye, kuma duk inda ɓera ya yi yawa an kammala rabin mazaunin maciji.

Kasa ta ainihi fa? Iyakarta ta matso Kudu fiye da yadda ake zato, saboda dalili biyu. Na farko, inda aka sare Kurmi aka yi ta noma da ƙuna shekara da shekaru, ciyayi ne ke maye gurbinsa, kamar yadda ake gani a yankin Oke-Ogun na jihar Oyo da arewacin jihar Ogun. Na biyu, a yamma da Badagry, a kudancin Jamhuriyar Benin da Togo da gabashin Gana, ruwan sama ya yi ƙaranci har dajin ciyayi ya sauko bakin teku ya raba Kurmin Afirka ta Yamma gida biyu. Macizan sarari suna bin wannan kafa har gaɓa. Don haka mai kiwo ko mai noma a waɗannan yankuna yana cikin ƙasar kasa, ko da yake a Kudu yake.

Batun motocin kaya ma yana da tushe. Macijin da dabararsa ita ce lafewa yana iya shiga tarin doya ko harawa ko itace ko buhunan gawayi a ɗora shi a mota ba a sani ba, ya sauka a Mile 12 ko Oko-Oba. Amma isowa daban, kafuwa daban. Kafin nau'i ya kafu a sabon wuri sai ya samu abokin haihuwa da abinci da yanayin da ya dace da shi shekara bayan shekara. Kububuwar da ta iso Legas a cikin kaya haɗari ce ga ɗan dakon da ya sa hannu, amma laimar Legas ba mazauninta ba ce.

Ambaliya ita ce abu na ƙarshe da ke motsa macizai. Idan kogin Ogun ya cika, musamman lokacin da aka saki ruwa daga madatsar Oyan, unguwannin Isheri da kasuwar Kara da gefen Mile 12 sukan sha ruwa. Ramuka suna cika, macizai da ɓeraye da mutane duk su nufi tudu ɗaya. Adadin macizan bai ƙaru ba, wurin tsayawa ne ya ragu.

Dalilin da ya sa taswira ke da muhimmanci

Makarin dafi ba ƙwaya ɗaya ba ce mai maganin kowane sara. Yadda ake yinsa shi ne a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan-kaɗan har jikinta ya samar da garkuwa, sannan a ɗebi jininta a tace garkuwar. Abin da aka samu yana aiki ne a kan dafin da aka yi amfani da shi, da na macizan da suka yi kusa da shi sosai. An ga illar rashin kula da wannan a wani asibitin karkara a Gana, inda aka koma amfani da makarin da aka haɗa da dafin kububuwar Indiya: mace-mace suka tashi daga ƙasa da 2 cikin 100 zuwa kusan 12.

Buƙatar makarin da ya dace ce ta sa Ma'aikatar Lafiya ta Tarayyar Najeriya ta haɗa kai da masana na Liverpool da Oxford aka samar da makari daga dafin macizan Najeriya. EchiTAb-G, wanda ake yi a Birtaniya da jinin tumaki, na kububuwa ne kaɗai. EchiTAb-Plus, wanda cibiyar Clodomiro Picado ta Kosta Rika ke yi da jinin dawaki, ya haɗa kububuwa da kasa da gamsheƙa. Su ukun nan su ne manyan masu sara a Arewa. Mamba da kumurcin Kurmi ba sa cikinsu. Saransu yana buƙatar wani makarin dabam, da kuma na'urar taimakon numfashi idan shanyewar ta kai ƙirji.

Taimakon farko ma haka yake. A Ostareliya ana koyar da naɗe gaɓar da aka sara gaba ɗaya da bandeji mai ɗan matsi, saboda macizansu, har da macijin ajali, dafinsu na jijiya ne, jinkirta tafiyarsa yana sayen lokaci. Wanda ya ga wannan a intanet ya yi wa saran kasa ɗauri mai tsanani yana iya tsare dafi mai cin nama a wuri ɗaya ya ƙara ɓarna. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi umarni da shi a fili yake: a janye mutum daga wurin, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse idan kumburi ya zo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti ba tare da ya yi tafiya da ƙafa ba in da hali. Ba a ɗaure da igiya ko roba, ba a tsagawa, ba a tsotsa. Idan gamsheƙa ta fesa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Ba a ɓata lokaci wajen farautar macijin, domin alamomin jikin sararre da sanin inda abin ya faru sukan isa likita ya yanke shawara.

Girman matsalar ba ƙarami ba ne. Hukumar ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da naƙasa da rabi kafin 2030.

Abin da ya kamata a yi

Idan aka haɗa waɗannan bayanai, ra'ayina shi ne al'ummar Hausawan Legas tana da buƙatar da ta fi ta maƙwabtanta, kuma tana da hanyar biyanta. Haɗarin da ya fi girma ga ɗan Agege ba a Agege yake ba. Yana gonar da zai koma a watan Yuni, da wurin lodin doya da harawa, da mashekarin shanu a hanya. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da limamai suna da kunnen mutane kafin su kama hanya. Abin da za a faɗa musu ba shi da yawa: takalmin roba mai tsawo a gona, tocila da dare, sanda kafin hannu a duk tarin da ya kwana a ƙasa, kwana a kan gado cikin gidan sauro da aka cusa gefensa, da sanin asibitin da ke da makari mafi kusa da ƙauye tun kafin buƙata ta taso.

Asibitocin Legas da Ogun kuma ya dace su riƙa tambayar sararre inda abin ya faru da irin kayan da yake ɗauka, su kuma ajiye makarin da ya dace da macizan Kurmi da na sarari duka, tun da mutane da kaya suna haɗa yankunan biyu kowace rana. Kashe duk macijin da aka gani ba zai magance komai ba, domin kasa da ire-irenta suna rage ɓerayen da ke cin hatsi suna yaɗa zazzaɓin Lassa. Kwashe bola, toshe ramuka, da ɗaga buhuna daga ƙasa sun fi tasiri, saboda suna cire abinci da maɓoya, biyu daga cikin abubuwa huɗun da maciji ke nema. Mafi muhimmanci shi ne gwamnatoci su sa makari ya zama kyauta kuma a same shi kusa, domin manomin da ya san zai sayar da sa kafin a yi masa allura, wurin mai maganin gargajiya zai fara zuwa, kuma kwanakin da zai ɓata a can su ne waɗanda dafin kububuwa ke buƙata.